Ɗinkin Bakin Mahaifa: Juma'ar Da Za Ta Yi Kyau Tun Daga Laraba Ake Gane Ta

Akwai wani saƙo da kan iske magidancin da ya bar gida ya tafi neman abinci a Kurmi, ko yana Agege a Ikko, ko Sabo a Badun, ko kuwa kasuwar shanu ta Lokpanta a Jihar Abiya. Sai a bugo masa waya a ce cikin maiɗakinsa ya sake zubewa, ga shi kuwa ya kai wata biyar, har ɗan ya fara motsi. Karo na biyu ke nan, ko na uku. Ba ta faɗi ba, ba ta yi wata naƙuda ta a zo a gani ba. Nauyi kawai ta ji a mararta, sai faya ta fashe, kafin a sami abin hawa zuwa asibiti magana ta ƙare.

Mutanen Mubi, garin da motocin shanu suke tashi daga kasuwarsa su nufi kudu, ba baƙin irin wannan saƙo ba ne. A unguwa kamar Wuro Patuji, in haka ta faru sau biyu, sai zance ya rabu. Wannan ta ce iska ce, waccan ta ce hannun kishiya ne, wata kuma ta kawo guru a ɗaura a ƙugu. In an yi dace an gamu da likitan mata, mai yiwuwa ne ya ce ciki na gaba sai an yi mata ɗinki a bakin mahaifa. A nan ne maigida zai yi tambayar da kowa zai yi in shi ne: to, in an yi ɗinkin, zai riƙe?

Tambayar nan tana da amsa, ko da yake ba cikakkiya ba ce. Shekara saba'in ke nan ana wannan aiki, kuma likitoci sun tara sanin da za su iya kintata wadda ɗinkin zai amfana da wadda ba zai tsinana mata kome ba. Abin da ya kamata mazan da ke kudu su sani shi ne, mafi girma daga cikin abubuwan da ke nuna yadda ɗinkin zai ƙare, watau watan da aka kai mace gaban likita, a hannunsu yake.

Mene ne ɗinkin?

Mahaifa tana da baki a ƙasanta, mai kama da wuyan gora. Muddin akwai ciki, aikin wannan baki shi ne ya tsaya a rufe, da tsawonsa da taurinsa, har lokacin haihuwa ya yi, sa'an nan ya yi laushi ya buɗe. A jikin waɗansu mata bakin yana da rauni. Da zarar ɗa ya fara nauyi, daga wata na huɗu zuwa na shida, sai ya riƙa gajarcewa yana buɗewa a hankali ba tare da ciwo ba. Wata haka aka halicce ta. Wata kuma rauni ta samu a wata haihuwa mai wuya, ko wajen wankin ciki da aka maimaita, ko a wani aiki da aka yanke wani sashe na bakin, ko kuwa a fiɗar haihuwa da aka yi bayan kan ɗa ya riga ya sauko ƙwarai.

Wani likita ɗan ƙasar Indiya mai suna Shirodkar, wanda ya yi aiki a birnin Bombay, shi ne ya bayyana hanyar ɗinke bakin a cikin 1955. A cikin 1957 kuma wani likita a Melbourne ta ƙasar Ostareliya, Ian McDonald, ya fito da hanya mafi sauƙi, wadda ita aka fi bi har yau. Akan zagaya bakin mahaifa da zare mai ƙarfi a zuge, kamar yadda ake zuge bakin jaka da zariya. Ta gaba ake yin aikin, ba a tsaga ciki, akan yi allurar kashe zafi, kuma ba ya ɗaukar dogon lokaci. In ciki ya kai mako 36 ko 37 sai a warware zaren, mace ta haihu da kanta.

Ya kamata a kawar da wani ruɗu tun a nan. Waɗansu magidanta da sun ji an ce za a ɗaure bakin mahaifa sai gabansu ya faɗi, su zaci aikin tsai da haihuwa ne. Wancan aiki daban ne, wurinsa ma daban. Wannan ɗinki don ɗa ya zauna ake yin sa, kuma mace tana iya samun ciki bayansa kamar kowa.

Alama ta farko: abin da ya faru a baya

Babban gwajin da aka fara yi wa ɗinkin nan an bayyana sakamakonsa a cikin 1993. Majalisar binciken lafiya ta Ingila da ƙungiyar likitocin mata ta can su ne suka shirya shi, da mata 1,292 daga ƙasashe 12, har da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu. Aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, aka yi wa rabi ɗinki, aka bar rabi. Cikin waɗanda aka ɗinke, kashi 13 cikin ɗari sun haihu kafin mako 33. Cikin waɗanda ba a ɗinke ba, kashi 17. Watau sai an yi wa mata kamar 25 ɗinki kafin a hana haihuwar wuri guda ɗaya. Daɗin daɗawa, zazzaɓin bayan haihuwa ya ninka a wurin waɗanda aka yi wa aikin.

Amma da aka ware matan da cikinsu ya taɓa zubewa da girmansa, ko suka haifi bakwaini, har sau uku ko fiye, sai lissafi ya sake. A cikinsu, haihuwa kafin mako 33 ta sauko daga kashi 32 zuwa kashi 15. Darasin a fili yake. Ɗinkin yana da amfani ƙwarai ga wadda rauninta na bakin mahaifa ne da gaske, ga sauran kuwa amfaninsa kaɗan ne, ga kuma haɗarin da ke tare da shi.

Saboda haka ba kowane ɓari ne yake neman ɗinki ba. Cikin da ya zube a wata na biyu ko na uku, da jini da ciwon mara, galibi ɗan ne bai ginu daidai ba tun farko, kuma ko an ɗinke bakin sau goma ba zai zauna ba. Haka nan zazzaɓin cizon sauro, da ciwon sanyi na mafitsara, da hawan jini, da ƙarancin jini, duk suna jawo haihuwar wuri, kuma kowannensu da nasa magani. Wanda ya ce zai ɗinke mace don ta yi ɓari ɗaya na wata biyu, ba tare da ya zauna ya bi labarinta ba, to, a nemi ra'ayin wani likitan kafin a saki kuɗi.

Labarin nan kuwa sai mace ta buɗe baki ta bayar, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Likita yana bukatar ya san ciki nawa ta yi, a wane wata kowanne ya ƙare, da ciwo ko babu ciwo, ruwa ne ya fara zuwa ko jini, ɗan ya fito da rai ko ya riga ya mutu a ciki, an taɓa yi mata wankin ciki ko fiɗa. A Mubi akwai wata matsala ta musamman. Lokacin da 'yan Boko Haram suka kama garin a ƙarshen Oktoban 2014, kafin a ƙwato shi a watan Nuwamba, jama'a sun watse, waɗansu Yola, waɗansu Kamaru, waɗansu kan duwatsu, kuma mai gudun tsira ba katin asibiti yake fara ɗauka ba. Macen da takardunta suka salwanta, sai ita da mahaifiyarta ko yayarta su zauna su tuno, a sami mai rubutu ya jera a takarda ɗaya. In Fulatanci ko Gude ko Fali ta fi ji, a tafi da wadda za ta yi mata tafinta, wadda ba ta jin kunyarta.

Alama ta biyu: tsawon bakin mahaifa

Da likitoci hannu kawai suke sawa su kintata. Da na'urar hoton ciki ta zo, wadda jama'a ke kira sikanin, sai ya zama ana iya auna bakin mahaifa kamar yadda tela yake auna yadi. A cikin 1996 aka buga wani bincike na Amurka a kan mata kusan 3,000, wanda ya nuna cewa a mako na 24 tsawon bakin yakan kai kamar milimita 35, kuma gwargwadon gajartarsa gwargwadon haɗarin haihuwar wuri. Daga nan likitoci suka riƙi milimita 25, watau kamar inci ɗaya, a matsayin iyaka.

To, amma gajarta ita kaɗai ba ta isa hujja ba. A cikin 2004 aka bayyana wani gwaji da likitocin Landan suka jagoranta, inda aka auna mata sama da 47,000, aka tsamo masu gajeren baki ƙwarai, 253 daga cikinsu suka shiga ƙuri'a. Bambancin da aka samu tsakanin waɗanda aka ɗinke da waɗanda aka bari, kashi 22 da kashi 26, bai kai a ce ɗinkin ne ya jawo shi ba. Sai a cikin 2011, da aka haɗa gwaji biyar wuri ɗaya aka duba matan da suka haɗa abu biyu, watau sun taɓa haihuwar wuri kuma ga gajeren baki a sabon ciki, aka ga haihuwa kafin mako 35 ta sauko daga kashi 41 zuwa kashi 28.

Ma'anar wannan ga mace ta Wuro Patuji ita ce, in ta taɓa rasa ciki ɗaya ko biyu masu girma, ba lalle ne a yi mata ɗinki nan take ba. Ana iya riƙa auna ta a kai a kai daga mako na 16 zuwa na 24, in bakin ya fara gajarcewa a ɗinke, in ya tsaya a ƙyale shi. Wadda kuma ba ta da tarihin kome sai gajarta, akwai maganin matsi na sinadarin furojestaron da likita zai iya rubuta mata. Sai dai a lura, awon nan ta gaba ake yin sa da wata na'ura ta musamman. Hoton da ake ɗauka a kan ciki don a ga kwanciyar ɗa ko a faɗi namiji ne ko mace, ba shi ne ba. Mai biyan kuɗin hoto ya tambaya ko an auna bakin mahaifa, kuma milimita nawa aka samu, a rubuta masa.

Masu tagwaye kuwa maganarsu daban ce. Ba a yi wa mace ɗinki don kawai tana ɗauke da biyu, domin ba a ga amfanin haka ba.

Alama ta uku: ranar da aka zo

Ɗinki iri uku ne in aka bi ta lokaci. Na farko shi ne wanda aka shirya tun da wuri saboda tarihin mace, akan yi shi a mako na 12 zuwa na 14, watau ciki yana wata uku, bakin yana nan da tsawonsa, likita yana da wurin da zai kama. Na biyu shi ne wanda awo ya nuna bukatarsa kafin mako na 24. Na uku shi ne na gaggawa, wanda akan yi bayan baki ya riga ya buɗe, wani lokaci har jakar ruwa ta leƙo.

Na ukun nan shi ne mai wuya. Binciken da aka tattara ya nuna yakan ƙara wa ciki kamar wata ɗaya a kan a bar mace haka nan, kuma wata ɗaya ba abin rainawa ba ne. Amma sakamakonsa yana raguwa ƙwarai in buɗewar ta wuce santimita 4, ko jakar ta sauko waje, ko ƙwayoyin cuta sun riga sun shiga. Wajen mayar da jakar ma tana iya fashewa a hannun likita. In kuwa naƙuda ta fara, ko faya ta fashe, ko jini yana zuba, ko zazzaɓi ya nuna cuta ta kama mahaifa, to, likitan kirki ba zai ɗinke ba ko an roƙe shi, don yin haka yana iya kashe uwar.

Nan ne al'ada take karo da magani. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a cikin 2018 ya nuna cewa kashi 18 cikin ɗari kacal na matan Nijeriya suke fara zuwa awo a watanni ukun farko. A arewa kowa ya san dalili. Ƙaramin ciki ba a faɗinsa, saboda kunya da tsoron baki, balle ga wadda ta sha ɓari, ita ta fi kowa ɓoyewa. Akan jira sai ciki ya fito, a wata na biyar ko na shida, sa'an nan a yanki kati. Ga yawancin mata wannan jinkiri ne kawai. Ga mai raunin bakin mahaifa, watan da take shirin fara awo shi ne watan da cikin yake zubewa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sa'an nan ga nisan maigida. Mace ta ga wata ya wuce ta, ta yi shiru sai ta tabbata. Ta tabbata, sai ta jira ya bugo waya. Ya bugo, sai ya ce a bari ya zo da Salla ko Kirsimeti, ko a bari ciniki ya buɗe. In an ce sai an je wurin ƙwararre a Yola, tafiyar kusan kilomita 200, sai a sake jiran izini da kuɗin mota. Kowane jira yana cin mako biyu ko uku, alhali kuwa duka-duka tsakanin ɗinkin da ake sa rai da shi da wanda ake yi don kada a ce ba a yi kome ba, bai fi wata biyu ba.

Abin da bai sake lissafi ba, da abin da ya sake

An daɗe ana gardama a kan irin zaren da ya fi. A cikin 2022 aka bayyana gwajin da aka yi a asibitocin Birtaniya da mata sama da 2,000, tsakanin zare mai silli ɗaya da zare saƙaƙƙe. Asarar ciki ta tashi kusan kashi 8 cikin ɗari a kowane ɓangare, babu bambanci. Saboda haka kada wani ya tsorata maigida da cewa sai zare mai tsada. Haka kuma kwanciya a gado wata da watanni, ba a tabbatar tana hana haihuwar wuri ba. Hutu daga daka da ɗaukar ruwa da itace abu ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin awo.

Abin da ya sake lissafi shi ne na macen da aka taɓa yi wa ɗinki ta gaba bai riƙe ba. Tun 1965 aka san ana iya tsaga ciki a ɗaure bakin daga can sama. A cikin 2020 wani gwaji na Birtaniya da mata 111 ya nuna cewa a irin waɗannan mata, haihuwa kafin mako 32 ta tsaya a kashi 8 ga waɗanda aka yi wa ta ciki, ta kai kashi 33 ga waɗanda aka maimaita wa ta gaba. Sai dai wannan babban aiki ne na asibitin koyarwa, kuma wadda aka yi wa shi sai da fiɗa za ta haihu. Duk da haka, ya kamata a sani cewa rashin riƙewar ɗinki na farko ba shi ne ƙarshen magana ba, kada a yi wa mace laƙabi a jingine ta.

Lissafin Landan da lissafin Mubi

Likitocin kwalejin King's ta Landan sun ƙirƙiro wata manhajar waya mai suna QUiPP, wadda aka tsara don ta haɗa tarihin mace da tsawon bakin mahaifarta da gwajin wani ruwa na jikinta, ta fitar da yawan haɗarin da take ciki. Abu ne mai kyau, kuma irinsa za su yi ta fitowa. Amma duk alƙaluman da aka kawo a sama, in ban da kaɗan, daga Turai da Amurka suka fito, kuma akwai wurin da ba su dace da Mubi ba.

Dalili kuwa, abin da ake kira nasara ya bambanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe matalauta, fiye da kashi 90 cikin ɗari na jariran da aka haifa kafin mako 28 suna mutuwa cikin 'yan kwanakin farko, a ƙasashe masu arziki kuwa ba su kai kashi 10 ba. Waɗanda aka haifa a mako 32 ko ƙasa da haka, rabinsu ne suke mutuwa a inda babu kulawa. Ashe ɗinkin da ya kai ciki mako 28 a Landan ya yi aikinsa, don ga kwalba ga wuta ga ma'aikata. A garin da sai an tayar da janareto, wannan ɗinki bai kai gaci ba. Mace ta Mubi tana bukatar kowane mako fiye da takwararta ta Ingila, shi ya sa jinkirin zuwa ya fi yi mata illa.

Maganar ba ƙarama ba ce. A ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya, jarirai miliyan 13.4 aka haifa kafin lokaci a cikin 2020, kuma kashi 45 cikin ɗari nasu a ƙasashe biyar ne: Indiya, Fakistan, Nijeriya, Sin da Habasha. Ƙasar da take ta uku a wannan jeri bai kamata ta dogara ga lissafin wasu kaɗai ba.

Ko wannan duba ne?

Akwai masu cewa rai da ajali na Allah ne, wanda duk ya ce zai faɗi abin da ciki zai zama ya shiga hurumin da ba nasa ba. Gaskiya ne babu likitan da ya san gobe. Amma manomin da ya ga hadari ya haɗu a gabas ya kwashe shanyarsa, ba wanda zai ce ya yi duba. Likita ma abin da ya faru ga mata ɗari masu irin wannan hali yake faɗi, bai san ko wannan tana cikin saba'in ko cikin talatin ba. Hasali ma wanda ya kamata a guda shi ne mai cewa in dai ya ɗinke, ya ɗauki alkawari ɗa zai zo da rai. Wannan ya faɗi abin da bai sani ba, ko farin kaya yake sanye da su ko buzu yake zaune a kai.

Akwai kuma masu cewa kuɗin awo da hoto da mota sun yi yawa ga mai tura baro ko mai gadi. Wannan kuka ne na gaskiya. Sai dai mai wannan lissafi ya haɗa da abin da ake kashewa bayan ɓari: ƙarin jini, wankin ciki, kuɗin motar dawowa gida daga Ikko, da kwanakin da aka rufe sana'a. Ba a ma sa abin da uwar ta sha a ma'auni ba.

Abin da ya rage ga maigida

Wanda ya san iyalinsa ta taɓa rasa ciki na wata huɗu zuwa shida, ko ta haifi bakwaini, ya yi magana da ita tun kafin wani cikin ya samu. Ya ba ta izini a gaban mahaifiyarsa ko wani babba na gida, cewa da ta ga wata ya wuce ta, ta tafi asibiti ba sai ta jira shi ba. Ya ware kuɗin a hannun amintacce, tunda yanzu aika kuɗi ta waya ba ya ɗaukar minti biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a fara awo cikin mako 12 na farko, a yi hoto kafin mako 24, kuma wannan ga kowace mace ne, balle ita.

In likita ya kawo maganar ɗinki, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata a yi masa, ko ta waya ce. Me ya gani a tarihinta ko a awonta da ya sa ya ce a yi? Cikin mako nawa ne yanzu, kuma bakin ya buɗe ko bai buɗe ba? In ba a yi ba, wace hanya ce ta rage? Wace rana za a warware, kuma ina za ta nufa in wani abu ya taso da dare? Likitan da ya san aikinsa ba zai ji haushin waɗannan ba.

Bayan an yi ɗinkin ma da sauran aiki. Mace mai zare a jikinta ba a kai ta goyon ciki ƙauyen da babu hanyar mota, musamman da damina. In ta ji ciwon mara mai zuwa yana komawa, ko ta ga ruwa, ko jini, ko zazzaɓi, ko wani abu mai wari, sai asibiti a wannan sa'a, don naƙuda a kan zaren da ba a warware ba tana iya yaga bakin mahaifa. Ungozomar unguwa da surukuwa lalle ne su san da zaren. Ta ci gaba da shan maganin rigakafin zazzaɓi da na ƙarin jini da ake bayarwa wajen awo, ta kwana cikin gidan sauro. Maigidan da ya zo ganin gida kuma ya tambayi likita game da kusantar iyali, ya bi abin da aka ce masa.

Kira ga hukuma

Gwamnatin Jihar Adamawa da ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu suna da nasu rabon. Abu na farko ba ya cin ko kwabo: a umarci kowace ma'aikaciyar awo a ƙananan asibitoci ta tambayi duk mai ciki ko ta taɓa rasa ciki mai girma, in ta ce e, a tura ta wurin likita a makon nan, kada a ce ta dawo wata mai zuwa. Na biyu, a horad da masu ɗaukar hoton ciki yadda ake auna bakin mahaifa. Na uku, duk asibitin da ke yin ɗinkin, na gwamnati ko na kuɗi, a tilasta masa ya ajiye littafi: a wane mako aka yi, saboda me, a wane mako aka haihu, ɗan ya rayu ko bai rayu ba. In aka yi shekara biyar ana wannan rubutu, likitan Mubi zai iya amsa tambayar magidanci da alƙaluman matan Mubi.

Shugabannin 'yan arewa a zangonnin kudu, da sarakunan Hausawa da na Fulani, da ƙungiyoyin 'yan kasuwar shanu da direbobi, su ma su sa wannan magana a bakinsu in an taru. Ana yin karo-karo don kai gawa gida, ba zai gagara ba a yi don kai mai ciki Yola tun cikin yana wata uku. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka samu.